Tudu Bakwai na Injiniya Ghali

Duk wanda ya zauna da Injiniya Ghali na minti goma ya san kakansa Sarkin Noma ne. Ko gaisuwar mutuwa aka je, sai ya samu ƙofar da zai shigo da zancen. A bakinsa, doyar kakan nan sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗora ta a kan jaki, jakin ma sai ya yi nishi. Shi kuwa Ghali a Kaduna aka haife shi, a kwatas ɗin ma'aikata, kuma abin da ya taɓa shukawa a duniya shi ne wake a gwangwanin madara, yana aji uku a firamare. Ƙanwarsa ce ta faɗa wa matata, ba ƙage na yi masa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a wani rukunin gidaje a unguwar Al Gharrafa, cikin Doha. Ni Rufa'i, aikina haɗa magani a asibiti. Shi injiniya ne a wajen masu gas. Matarsa, Dakta Sa'adiyya, likitar yara ce, mace mai sanyin magana da ban taɓa jin muryarta ta tsallako katanga ba. Tasa kuwa tun daga ƙofar shiga rukunin ake jin ta.

Da mahaifiyar Dakta ta rasu a Jos, magada suka sayar da gidan, mai saye ya ce shaguna zai yi. Ana ta rabon kujeru da kwanuka, ita Dakta ta zagaya bayan gida ta tono saiwar wani fure da tsohuwar ta yi shekara talatin tana reno. Ayiris ake ce masa, shuɗi ne mai ratsin ɗorawa. Saiwa bakwai ta samu, kowace kamar ɗanyar citta mai kauri, da ɗan guntun ganye a kanta. Ta sha yawon takardu kafin a bar ta ta shigo da su Doha. Sati biyu bayan nan katafila ta baje gidan. Wato in ka cire bakwan nan, babu sauran abin da hannun mamarta ya shuka a bayan ƙasa.

Da zafi ya sauka a watan Nuwamba ta shuka su a gefen katanga. Ta zuba ƙasa mai yashi, ta kwantar da kowace sama-sama, ƙananan jijiyoyin a ciki, gadon bayanta a waje yana shan rana. Kwana biyu da gamawa aka bugo mata waya daga Kano, ƙanwarta ta haihu amma sai da aka yi aiki. Ta ɗauki hutun sati huɗu. Ina tsaye ana saka jakarta a mota na ji ta ce da mijin:

"Abban Kausar, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taɓa su. Na gaya wa Baba Ɗantala mai gadi ya riƙa leƙowa."

"Haba Dakta," in ji shi. "Ni za a yi wa bayanin shuka? Je ki da zuciya ɗaya."

Da ma a ce ta tafi da zuciya biyu.

Washegari bayan la'asar na ji ana kwaɗa mini kira ta saman katanga. "Malam Rufa'i! Zagayo ka ga abin kunya!"

Na zagaya na tarar da shi tsaye a kan shukar, ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

"Dubi nan. Iri a waje! Tsirara! A gidan jikan Sarkin Noma! In wani ya shigo ya gani, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Wataƙila haka ake shuka shi."

"Likitoci allura suka sani, ba ƙasa ba. Duk abin da ka gani da saiwa mai kauri, ɗan gidan doya ne. Doya kuwa tudu take so, da taki, da ruwa. Zan yi musu tudu irin na kakana. Kafin Dakta ta dawo kowane fure ya kai faifai. Za ta yi kukan daɗi, ka rubuta ka ajiye."

"Kai kaɗai za ka yi tudun?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "A gidanmu ba a noma da mutum ɗaya. Gayya zan kira."

Kafin magariba saƙon muryarsa ya faɗa zauren Hausawan Doha na waya, minti bakwai cur. Gayyar noma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, akwai tuwo da miyar kuka, akwai fura. Na ɗauka dariya za a yi a wuce. Na manta cewa akwai mutanen da rabon su ji kalmar gayya tun suna ƙauye. Cikin awa ɗaya mutum talatin suka rubuta suna.

Ranar Alhamis tifa ta kawo ƙasa, a-kori-kura ta biyo ta da ɗanyen takin tumaki daga wata gona a bayan gari. Direbobin suka duba lambar gida, suka juye duka a ƙofata. Matata Na'ima ta leƙo ta taga, ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, wa ka ɓata wa rai a garin nan?"

"Na Injiniya ne."

"To me ya sa gaisuwar ta zo gidanmu?"

Ranar Juma'a mutane suka cika gidan. Direbobi da masu gadi sun zo a bas guda daga unguwar leburori ta Asian Town, sun naɗe ƙafar wando tun daga hanya. Likitoci biyu sun zo da takalman motsa jiki. Wani malamin jami'a ya zo da hular rana da kwalbar ruwa kamar mai hawan dutse. Mutum talatin da biyu, ga filin da za a nome bai fi tabarma huɗu ba. In mutum ya ɗaga shebur sai na bayansa ya sunkuya.

Garma dai babu ita a Doha, Ghali ya zaga gari bai samu ba. Sai ya sayi shebur goma, ya kai ɗaya wajen mai walda aka lanƙwasa masa, ya sa mata suna garmar zamani. Ya fito da malfa da 'yar shara, ya jona wayarsa da lasifika, gangar noma ta ɗauka. Wallahi tsikar jikina ta tashi, kada in ɓoye. Wani direba ɗan Funtuwa har da share hawaye.

Ghali ya shiga tsakiya ya ɗaga garma sama. "Sai ni Ghali na Sarkin Noma! Ƙasa ta gan ni ta yi laushi! Yalla, maza a ba ni wuri!"

Ya kai sara da iya ƙarfinsa. Ƙasar Doha kuwa taƙi ɗaya za ka tona ka tarar da dutse. Garma ta ce ƙwal, kanta ya fita ya tsallake katanga, muka ji ƙarar faɗuwarsa a cikin tukunyar zogalen Na'ima. Ghali ya tsaya da ƙota a hannu, haƙoransa na kaɗawa.

"Gwaji na yi," ya ce. "Na gano inda dutsen yake. Ku ci gaba."

Daga nan ya koma kan farar kujera yana ba da umarni da ƙotar.

A lokacin ne Baba Ɗantala ya shigo. Shi ne mai gadin ƙofar rukuninmu, dattijo ne marar hayaniya, kuma kafin kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya kawo shi Doha ya yi shekara goma sha biyu yana lambu a Bukuru. Ya ga an tumɓuke saiwoyin an zuba a faranti, ya yi salati.

"Yallaɓai, wannan abin ba doya ba ne. Na san shi a gidajen Turawa a Jos. Wuya gare shi. In ka rufe masa wuya, shaƙewa zai yi ya ruɓe."

"Baba Ɗantala, a wace jami'a ka karanta ƙasa?"

"A cikin ƙasar na karanta ta, yallaɓai."

"To ni a jinina take."

"Allah Ya ƙara wa jinin lafiya. Amma taki ɗanye ƙona shi zai yi, kuma Dakta ta ce kada a taɓa."

"Dakta matata ce ko matarka?"

"Taka ce, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake tausaya maka."

Aka kwashe da dariya, Ghali ya fi kowa, don ya ɗauka shi ya ci. Ya sa aka ƙara wa ganga murya. Baba Ɗantala ya karɓi kwanon tuwonsa ya koma bakin ƙofa yana girgiza kai.

Haka aka tara tudu bakwai a jere, kowane ya kai ƙugun mutum. Saboda ƙarancin wuri ba su fito a zagaye irin na doya ba, sai suka fito dogaye. Aka zura kowace saiwa a ciki har iyakar kafaɗa, da ganyenta da komai, taki a ƙasa taki a sama. Wadda ta fi girma Ghali ya sa aka kai tudun tsakiya, ya ce ita ce uwar gona. Ta ukun ni na binne ta da hannuna. Na faɗa ne don kada a ce na wanke kaina, tuwon ya yi daɗi kuma ganga tana ratsa mutum.

Da safe wani maƙwabcinmu ɗan Indiya ya hango tsakar gidan daga benensa. Bai yi wata-wata ba ya sa fararen kaya, ya taho da matarsa da kular abinci, fuska a jiƙe. Ya kama hannun Ghali da hannu biyu ya ƙi saki, yana tambaya cikin Turanci yaushe abin ya faru, kuma har mutum bakwai a rana ɗaya? Kafin Ghali ya gama bayani manajan rukunin ya iso da takarda a hannu, yana son ya ji wa ya ba da izinin maƙabarta. Ghali ya zaunar da su duka ya yi musu laccar doya ta awa guda. Manajan ya tafi yana dafe kai, ɗan Indiya ya manta kularsa, Ghali ya cinye abincin.

Sai maganar ruwa. "Doya damina take so," in ji shi, "Doha kuwa ba ta da damina. To ni injiniya ne, zan ƙera mata."

Ya sayo injin ban-ruwa, ya shimfiɗa tiyo a kan kowane tudu, ya huhhuda shi, ya haɗa da wani agogo mai kunna kansa duk bayan awa biyu. Ya ce bai isa ba, ya jawo ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki ya ƙara. Kwana uku ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shigo mana. Na fito sallar asuba na tarar da silifas ɗina ɗaya yana yawo a tsakar gida. Ƙudajen Al Gharrafa kuwa har da na unguwannin maƙwabta suka tare a wajenmu.

Na'ima ta ɗauki waya. "Yau sai na kira Dakta."

Ghali ya jiyo ta katanga, sai ga shi a ƙofa. "Hajiya Na'ima, don girman Allah kada ki ɓata mini shiri. Ba-zata nake so in yi mata."

"Ai kuwa za ta ga ba-zata."

"Kuma tana jinya. Ki ɗaga mata hankali a kan me? Komai yana tafiya bisa tsari."

"Tsarin ne ya shigo mini kicin?"

Ni na sa baki na ce a bari, mai jinya ba ta bukatar ƙarin damuwa. Gaskiyar magana, tsoro nake ji a tambayi wa ya binne ta uku. Na'ima ta ajiye wayar, ta kwana biyu ba ta sa mini nama a miya ba.

Duk yamma Dakta takan kira shi ta bidiyo, mukan jiyo su. Ghali yakan manna wayar a fuska har sai hancinsa kaɗai ake gani.

"Abban Kausar, yaya shukata?"

"Suna samun kulawa ta musamman."

"Juya in gan su mana."

"Netwok, Dakta! Netwok yana rawa! Khalas, shi ke nan, sai gobe!"

Rana ta goma da sassafe aka yi ta dukan ƙofata kamar gobara. Na buɗe na ga Ghali ba hula, baki har kunne. Ya ja ni da gudu. Tudun nan bakwai sun yi kore shar, tsiro siri-siri ya rufe su kamar gashin jariri.

"Ka gani? Bakwai na shuka, sun haifi dubu! A Jos shekara talatin suna bakwai, sun zo hannun gwani kwana goma sun zama gari!"

Ya aika aka kira Baba Ɗantala don ya ci masa fuska. Dattijon ya tsuguna, ya ciri tsiro ɗaya, ya duba gindinsa, ya ɗan tauna.

"Sha'ir ne, yallaɓai."

"Me?"

"Abincin tumaki. Wanda bai narke a cikinsu ba ne ya biyo taki ya fito. Ga ma ƙwayar a maƙale."

"Baba Ɗantala, hassada ba ta yi wa mai furfura kyau."

"Haka ne. Amma in ka samu tunkiya ka kawo ta, za ta gane kayanta."

Ghali bai ji ba, ya riga ya fara ɗaukar hoto. Daga ranar duk yamma yana Corniche, titin bakin teku da ake shan iska, ba don motsa jiki ba. Da ya hango Bahaushe sai ya tare shi da waya. Mutane suka koma bin ɗaya gefen titi. Ya canza sunansa a zaure zuwa Sarkin Noman Doha. Ya fara cewa in Allah Ya kai mu baɗi zai nemi fili a bayan gari ya riƙa fitar da fure zuwa Turai, har ya yi mini alkawarin muƙamin manaja.

A sati na uku wani wari ya taso wanda ba na taki ba. Na taki mun saba da shi, har mun daina ji. Wannan daga can ciki yake fitowa, kamar an manta buhun albasa a bayan mota. Na ce, "Injiniya, ba ka jin wani abu?"

Ya buɗe hanci ya shaƙa, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙamshin albarka ke nan. Haka gonar kakana take yi in doya ta fara ƙosawa."

Duk da haka washegari na ga ya jera kaskon turaren wuta bakwai, ɗaya a kan kowane tudu. Ɗan Indiya ya leƙo daga bene ya ga hayaƙi na tashi, ya haɗa hannu biyu ya sunkuyar da kai.

Jirgin Dakta ranar Juma'a da rana zai sauka. Ghali ya sake aika saƙo zaure, wannan karon minti goma sha ɗaya: walimar buɗe gona, duk wanda ya yi gayya ya zo ya ga abin da hannunsa ya yi. Ya roƙi Na'ima ta je filin jirgi ta ɗauko ta. Na'ima ta amsa da saurin da ya ba ni tsoro.

Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru har tsakar gida. An ɗaura jan ƙyalle daga katanga zuwa katanga, ga almakashi a kan faranti. Mutane suka zo fiye da na gayya, kowa ya shigo da fara'a, ya yi taku uku, ya laluba aljihu neman hankici. Ghali ya fito cikin farar shadda, babbar riga mai aiki har gwiwa, hula ta sha kari, sai ƙyalli yake yi.

Ya ɗauki makirfo ya fara jawabi, sai na baya suka ce ba sa ganinsa. Wani ya miƙo kujera ya hau. Ya ture ta.

"Manomi ba ya hawa kujera. Manomi gonarsa yake hawa."

Baba Ɗantala ya ce, "Yallaɓai, kada ka..."

Ina! Ya tattare riga ya haye tudun tsakiya, ya tsaya a ƙololuwa ya buɗe hannuwa.

"Jama'a! Yau shekara ɗari da kakana..."

Tudun ya yi wani ɗan sauti, kamar an taka jiƙaƙƙen soso. Takalman Ghali suka ɓace.

"...da kakana ya kafa tarihi. Kun ga laushin ƙasa ko? Haka ƙasa mai kyau take!"

Ya nutse zuwa ƙwauri. Bai fasa ba. Ya ce an raina shi, an ce ba a noma a hamada. Ya nutse zuwa gwiwa. Ya ce har wani dattijo, ba zai kama suna ba, ya ce masa wai sha'ir ne. Nan tudun ya buɗe baki ya yi wata irin gyatsa, baƙin ruwa ya fantsamo, Ghali ya tafi har cinya, babbar riga ta baje a kan taɓo kamar laima. Warin da aka yi sati uku ana tarawa ya fito gaba ɗaya.

Sahun gaba suka yi baya, suka faɗa kan na biyu. Kujeru suka kife. Malamin jami'a ya tsallake jan ƙyalle ya tafi da shi a wuya. Wani likita yana cewa a kira motar asibiti, ya manta shi ne asibitin. Ana cikin haka agogon nan ya cika awa biyu, injin ya kunna kansa, tiyo bakwai suka shiga yi wa jama'a feshi.

"A kashe! A kashe!" Ghali yana ihu ta makirfo. "Malam Rufa'i, jan maɓalli! A'a, ɗayan jan!"

Na fizge wayar wutar injin gaba ɗaya. Wuri ya yi tsit, sai ɗigar ruwa. A cikin shirun nan muka ji an ce, "Salamu alaikum."

Dakta Sa'adiyya ce a bakin ƙofa da jakar hannu, Na'ima a bayanta. Ta dubi rumfa, ta dubi mutane a jiƙe, ta dubi mijinta da aka shuka a tsakar gida. Sannan ta dubi gefen katanga inda ta bar shukarta. Babu komai a wurin sai sawun takalma.

"Abban Kausar, ina furen Mama?"

Ghali ya manta makirfo na hannunsa, amsar ta fita har titi. "Suna... suna ciki, Dakta."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da mun fi samun sauƙi. Ta miƙa wa Na'ima jaka, ta tuɓe takalmi, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa gaban tudun farko ta zura hannu har kafaɗa. Ta daɗe tana lalube. Abin da ta fito da shi ya zube ta tsakanin yatsunta kamar dafaffiyar kabewa. Ta matsa na biyu, haka. Da ta zo na uku na dubi sama, na ga har ɗan Indiya ya sauko daga bene ya shigo. Na uku ma ya tafi. Ta tsallake na tsakiya, ta bi na biyar, na shida, na bakwai. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta da hannun sharewa. Dariyar da ta cika mini ciki ɗazu ta bi ta wani wuri, kunya ta kama ni har wuya.

Saura ɗaya, kuma Ghali yana tsaye a kanta.

Wasu samari biyu suka kama hannunsa za su fizgo shi. Dakta ta ɗaga hannu.

"Kada wanda ya ja shi. Abban Kausar, kada ka motsa. Ko yatsan ƙafarka kada ka motsa."

"Dakta, wani abu yana tafiya a cikin wandona."

"Ka bar shi ya yi tafiyarsa."

Haka Sarkin Noman Doha ya ƙame, hannuwa a sama, makirfo a ɗaya, ƙuda na sauka a hancinsa ba halin kora. Dakta ta shiga yaye taɓo daga gefen ƙafafunsa a hankali, Baba Ɗantala ya durƙusa yana kwashewa da faranti. Mutum arba'in sun yi da'ira. Ta kai gwiwarsa, ta wuce. Ta zura hannu tsakanin ƙafafunsa biyu, ta tsaya.

"Ɗaga dugaduginka na hagu. Kaɗan. Na ce kaɗan!"

Ta zaro ta. Baƙa ƙirin, tana ɗiga, gefe ɗaya ya lotse. Ta ce a ba ta wuƙa da ruwa mai tsabta. Na'ima ta ruga ta kawo. A kan farantin almakashi ta kwantar da ita, ta shiga yankewa. Ta yanke, ruɓa. Ta ƙara yankewa, ruɓa. Saiwar da ta kai tafin hannu ta koma rabi, ta koma kwata. Ghali ya rufe ido yana motsa baki, ban taɓa ganin ya yi addu'a da ƙaramar murya ba sai ranar.

Wuƙa ta ce ƙyas. Fari tas, mai tauri. Abin da ya rage bai wuce babban yatsa ba, amma a gefensa akwai ɗan ido kore.

Baba Ɗantala ya leƙa ya ce, "Da ransa, Dakta. A bar shi ya sha iska kwana biyu, zai yi."

Gidan ya ɗauki kabbara kamar an ci kofi. Direban Funtuwa ya rungume malamin jami'a. Dakta ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta riƙe ɗan guntun nan a tafin hannu tana kuka tana dariya, tana cewa, "Sannu Mama. Sannu, kin sha wuya."

Ta tashi ta ɗora shi a kan katanga inda rana ke bugawa. Kowa ya bi shi da kallo, an manta da mai gida a cikin tudu. Can sai muka ji gyaran murya ta lasifika. Ghali ne, taɓo har gemu, murya ta yi laushi kamar ba tasa ba.

"Dakta... na ga kamar rana ta yi masa yawa. Ko in ɗan zuba masa ruwa?"

Mutum arba'in suka juyo a tare suka ce, "A'A!"

Har da ɗan Indiya, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya.